Resitasiyon a lakwal: yaro ya haddace, amma ya san abin da yake faɗa?



Tun da aka koma lakwal cikin watan Oktoba, iyaye da dama sun ga yaransu na CP ko CE1 suna dawowa gida da wani ɗan kaye na daban, shafi ɗaya rubutu, shafi ɗaya zane, suna zaune suna maimaita wasu layuka na Faransanci da murya mai hawa da sauka. Shi ne resitasiyon. Da Hausa sai mu ce haddar waƙa, irin waƙar da ake faɗi da baki ba kiɗa. Tambayar da ake yawan yi mana a filinmu na ilimi ita ce: mene ne amfanin wannan abu? Wasu ma cewa suke yi, mu karatu da lissafi muka kai yaro ya koyo, ba waƙa ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin a rubuce, yadda wanda shirin ya wuce shi zai karanta, ko a karanta masa.

Amsarmu a taƙaice ita ce, waƙa na cikin hanyoyin da suka fi saurin kai ƙaramin yaro ga iya karatu, amma da sharaɗi guda: ya fahimci abin da bakinsa ke faɗa. Wurin nan ne ake samun cikas a yawancin azuzuwanmu.

Abin da muka gada

Duk wanda ya taɓa zama kan benci ya san tsarin. Mushe ya rubuta waƙar a tablo, yara su kwafa cikin kaye, su yi ɗan zane a gefe, a ce su je gida su haddace. Ranar da aka ajiye sai a kira yaro gaban aji. Ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya faɗi sunan waƙar, ya zubo ta daga sama har ƙasa kamar ana korarsa, ya rufe da sunan wanda ya rubuta ta. A ba shi maki bisa 10. Wanda ya maƙale a tsakiya 'yan aji su bushe da dariya, wani wurin ma bulala ta biyo baya.

Wannan tsari daga lakwal ɗin Faransa ya zo mana tun zamanin Nasara, kuma da waƙoƙinsa ya zo. Wanda aka fi sani shi ne Jean de La Fontaine, Bafaranshen da ya fara fitar da tatsuniyoyinsa na dabbobi cikin waƙa a 1668. Daga baya an ƙara da marubutan Afirka, irin su Senghor da Birago Diop na Senegal, da waƙar nan da Camara Laye na Gini ya yi wa mahaifiyarsa a farkon littafinsa na 1953, wadda har yau akwai masu furfura a garin nan da za su kawo maka ita ba tuntuɓe. Marubuta sun ƙaru, amma harshe bai canza ba, salon koyarwa ma haka.

Mu ɗauki misali ɗaya daga La Fontaine, wadda kusan kowane ɗan lakwal ya yi, ta hankaka da dila. Labarin ke nan: hankaka ya hau itace da cuku a baki, dila ya zo gindin itacen ya yi ta zuga shi har ya buɗe baki zai rera waƙa, cuku ya faɗo, dila ya cafe ya yi gaba. To yanzu ku duba, wane abu ne cikin labarin nan da ɗan Gure bai sani ba? Hankaka kullum yana ganinsa a bakin mahauta. Dabbar da Bafaranshen yake nufi 'yar uwar yanyawa ce, wadda ke haƙa rami cikin tuddan rairayinmu. In kuma an ce dila, malamin daji, ai tatsuniyar kaka ta riga ta gabatar da shi. Cuku kuwa makiyaya ke kawo shi kasuwa, ana karya shi a sha shayi. Mai daɗin baki da ke yabonka don abin hannunka, shi ma ba sai an je Faransa ba. Duk wanda ya taɓa dawowa daga Libiya da 'yan kuɗi a aljihu ya gamu da shi tun a tasha.

Amma sai ka ga yaro ya yi sati biyu yana fama da layukan, ya samu 9 bisa 10, ka tambaye shi me ya faɗo daga bakin tsuntsun, ya tsaya yana kallonka. Minti biyar na bayani da Hausa ko Barbarci kafin a fara hadda da sun wadatar. Kuma kada a manta, Faransancin waƙar na fiye da shekara 350 ne da suka wuce. Akwai kalmomi a ciki da ɗan birnin Paris na yau sai an fassara masa, balle ɗan Kelle ko ɗan Gidigir da bai fi wata 12 da fara jin harshen ba.

Laifin ba na hadda ba ne

Kada a fahimce mu a karkace, ba hadda muke zargi ba. Mu mutanen hadda ne tun kaka da kakanni. Yaro ɗan shekara 5 yana makarantar allo yana biya babbaƙu da farfaru da murya, ƙwaƙwalwarsa kuma na ɗauka kamar rairayi da ruwan farko. Alƙur'ani matsayinsa daban ne, ana kiyaye lafazinsa yadda ya sauka, ma'ana ta biyo baya wurin tafsiri. Amma ku lura da abin da malamanmu na da suka yi duk lokacin da suke son talaka ya gane farillan alwala ko hukuncin gado: sai su saka abin cikin waƙa, da harshen da mutumin ke ji.

Babban misali shi ne Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo, shi Shehun ma a Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasarmu Nijar ta yau. Nana Asma'u ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta kafa tsarin da ake kira 'yan taru: mata shugabanni da ake ce wa jaji su zo wurinta daga ƙauyuka, su haddace waƙoƙin, su koma su koya wa matan da ba su da halin barin gida. Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe. Na malamai da Larabci, na danginta da Fillanci, na sauran jama'a da Hausa, har wata waƙar da aka yi da wani harshe sai ta mayar da ita Hausa don ta isa inda ake so. Ba ta taɓa ɗaukar cewa sautin kawai ya isa ba.

Har gobe Islamiyyunmu na bin wannan hanya. Ku wuce ta gefen wata da la'asar za ku ji yara na rera shikashikan Musulunci da sunayen watanni, kuma in ka tsayar da ɗaya ka tambaye shi, yawanci zai faɗa maka abin da yake nufi.

Me waƙa ke yi wa kunnen yaro

Nan ne zancen ya fi muhimmanci, don haka ku ɗan yi haƙuri da mu.

Kafin yaro ya iya karatu da ido, sai kunnensa ya fara gane cewa magana gunduwa-gunduwa ce. Ga ɗan shekara 6, raƙumi dabba ce mai tozo, shi ke nan. Bai taɓa lura cewa kalmar gaɓa uku ce ba, ra da ƙu da mi. Rubutun boko kuwa duk a kan wannan ya dogara: ka ji sauti, ka san alamar da aka ba shi, ka haɗa. Yaron da kunnensa bai rarrabe sautuka ba zai iya haddace fasalin haruffa duka, amma ya kasa haɗa biyu su ba da kalma. Su ne yaran da za ka gani a CE2 suna bin layi da yatsa suna faɗin abin da suka ji na kusa da su ya faɗa.

Waƙa ita ce ke buɗe wannan kunnen ba tare da yaro ya san darasi ake yi ba. Kari, wato bugun da waƙa ke tafiya a kai, shi ke raba masa gaɓoɓi, musamman in ana tafi ko buga ƙafa. Amsa-amo, wato yadda ƙarshen layuka ke faɗuwa da sauti ɗaya, shi ke nuna masa cewa kalmomi biyu masu ma'ana daban za su iya raba gaɓa guda. Maimaitawa kuma ta sa abin ya zauna. Ranar da aka rubuta masa waƙar da ya riga ya iya a tablo, ba baƙuwa yake kallo ba; ya san abin da ke zuwa, idonsa sai neman inda aka ajiye shi.

Ba ƙaramin abu ne ke kan gaba ba. Binciken PASEC, wanda ake gwada 'yan firamare da shi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 an samu ci gaba, suka kai wajen 3 cikin 10. Ma'ana dai har a lokacin yawancin yara na yin shekara 6 kan benci su fito ba su iya karanta takardar asibiti su gane ba. Ba mu ce waƙa ita kaɗai za ta gyara wannan ba. Akwai yunwa, akwai azuzuwan zana da ake jira sai an gama girbi kafin a kafa su, akwai yaran da ke bin dabbobi rabin shekara. Amma cikin duk magungunan, ita ce ba ta buƙatar ko dala.

Akwai kuma wani amfani da ba ya shiga cikin alƙaluma. Ku dubi 'yan matanmu a dandali da farin wata. Yarinya 'yar shekara 8 ita ke ba da waƙar gaɗa, sauran na amshi, muryarta har bayan gari. Gobe da safe ita ce dai a aji, kai a sunkuye, sai mushe ya tambaye ta sau uku kafin a ji abin da ta ce. Ba muryar ce ta ɓace ba. An raba ta ne da harshen da take da ƙarfi a ciki.

To, da wane harshe?

A wani gari amsar mai sauƙi ce. A Gure ba haka ba. Ƙasar Munio ƙasar Mangawa ce, yara da yawa Barbarci suka sha a nono. Cikin gari da kasuwanni Hausa ce ke haɗa kowa. Ga Fulani a ruga, ga Tubawa ta arewa wajen Tesker, ga Buzaye da Larabawa. Aji ɗaya a cikin gari zai iya ɗauke da harsuna uku ko huɗu, mushen kuma wataƙila daga Dosso ko Tawa aka turo shi.

Maganar koyarwa da harshen gida ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, kuma a jiharmu aka fara ta. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa, Faransanci ya shigo sannu a hankali. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fillanci, Tamajak da Kanuri. Gwaje-gwajen da aka yi wa yaran waɗannan makarantu sun nuna sun fi iya karatu da fahimta, kuma ba a bar su baya a Faransanci ba. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda malamai ke kira LOSEN, ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Wata doka ta 2001 ta jera harsunan ƙasa guda 10, ciki har da Kanuri da Tubanci. Sannan kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, ya kuma ambaci Kanuri da Fillanci da sauransu cikin harsunan da ake magana da su a Nijar.

Takardu ke nan. A ƙasa kuwa, yawancin lakwal-lakwal ɗinmu har yanzu da Faransanci ake tarbar yaro tun ranar farko. Kuma ga ra'ayinmu, mu da muke watsa shiri da Hausa: in aka ɗauke waƙar Faransanci da yaro bai gane ba, aka ɗora masa ta Hausa da ita ma bai gane ba, ba a yi komai ba. Ɗan ƙauyen da Barbarci kaɗai yake ji, waƙarsa ta farko a aji ta zama da Barbarci. Hausa za ta zo, ai tana jiransa a kasuwa. Faransanci ma zai zo.

Waƙa ta fi kowane darasi sauƙin ɗaukar wannan cakuɗa. Mushen da bai iya Barbarci ba ba zai iya koyar da lissafi da shi ba, amma zai iya koyon layi huɗu daga bakin yaran kansu, ko ya kira wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata ta zo ta rera musu. Ranar da yara suka ga mushe yana tuntuɓe da harshensu suna gyara masa, ranar ce tsoron tuntuɓe da nasa harshen ke raguwa.

Yadda darasin ke tafiya in an yi shi da kyau

Malaman da suka iya abin ba sa farawa da alli. Da labari suke farawa: wa ke cikin waƙar, me ya same shi. Sai mushe ya faɗi waƙar duka da bakinsa, sau biyu ko uku, da fuska da hannu, yara na saurare kawai. Sannan a ɗauko ta ɗango-ɗango, wato layi-layi, shi ya faɗa su amsa. Ajin da ya cika maƙil sai a raba shi biyu, ɓangare ya ba da waƙa ɓangare ya yi amshi, a juya. Wannan salon ba baƙo ba ne ga yaranmu, da shi ake daka, da shi ake gaɗa, da shi ake gayya a gona. A CI layi uku ko huɗu sun isa, minti goma zuwa sha biyar, a bari tun suna so.

Ga wani ɗan misali da muka ƙaga mu da kanmu a nan gidan rediyo, don a ga yadda abin yake:

Ƙanwata ta je kasuwa sayen kanwa,
Ta dawo gida tana kukan yunwa,
Tuwon da ta ajiye ya shiga cikin kyanwa.

Ba wata fasaha ba ce, amma ku duba aikin da za a ciro daga ciki. Yara za su yi dariya, alamar sun gane ke nan. Sai mushe ya tambaya: wane sauti ne ke ta dawowa a ƙarshe? Su tafa gaɓoɓin kan-wa, yun-wa, kyan-wa. Sai yanzu ne alli zai fito. A rubuta kalmomin uku ɗaya ƙarƙashin ɗaya, yara su gano da idonsu cewa wutsiyar iri ɗaya ce, kan ne ya bambanta. A kira wani ya zo ya zagaye wutsiyar. Daga nan a ajiye kanwa kusa da ƙanwa: ɗaya ita ce wadda ake kwasowa daga kwarurukanmu ana lodawa zuwa Najeriya, ɗaya kuma tana gida tana goye a bayan inna, bambancinsu a rubuce 'yar lanƙwasa ce kawai a kan harafin farko. Ga ɗan Manga wannan darasi ne na gaske, don harshensa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ irin na Hausa, sai kunne ya saba. Ba abin yi masa dariya ba ne. Bahaushe ma in aka ba shi wasu sautukan Barbarci haka zai yi ta fama.

Wanda ba shi da ardwaz ya rubuta da yatsa a ƙasa. Rairayi dai Allah ya hore mana shi har ya yi yawa.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali ya fi daɗi: yara su ƙara nasu layin. Mushe ya ce, wa zai kawo wata kalma mai ƙarewa haka? Wani ya ce baiwa, a ce a'a, ku sake saurare. Wani ya ce cinwa, a tambaye shi ko akwai wannan kalma. Gobe a canza, a yi kan rijiya, ko akuya, ko goruba, ko iskar hunturu da ke cika kwano da ƙasa. Yaron da ya ga layinsa a tablo da sunansa a ƙasa, kamar yadda ake sa sunan La Fontaine, ba ya mantawa da haruffan da ke cikin layin nan.

In lokacin Faransanci ya yi, hanyar ba ta canzawa: ma'ana tukuna, sannan kunne, sannan ido. A nan ma waƙa na da aiki na musamman, don Faransanci ba a rubuta shi yadda ake faɗi. Sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau. Yaron da ya rera chameau da chapeau da dos a ƙarshen layuka ya ji sautinsu ɗaya ne, sai ya ga rubutun ya bambanta, ya fara koyon abin da dikte za ta tambaye shi har ƙarshen karatunsa.

Ba kowace waƙar dandali ce ta dace da aji ba, wannan a fili yake. Akwai ta habaici, akwai ta zambo, akwai wadda manya kaɗai suka san inda ta dosa. Tacewa aikin mushe ne da iyaye.

"Ɗana ba maroƙi ba ne"

Mun san wannan magana, kuma mun san daga inda ta fito. A ƙasar Hausa da ta Barebari kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, akwai gidajenta, kuma akwai iyayen da ba sa son a ji ɗansu na rera wani abu gaban mutane. Amma waƙar aji ba yabon wani ake yi don ya ba da kuɗi ba. Shehu Usman da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello duk sun rubuta waƙoƙi, ba wanda ya kira su maroƙa. Mu nan ma muna da namu misali na kusa. Marigayi Malam Mamman Barka ɗan Tesker ne, tun Tesker na ƙarƙashin Gure. Malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurumi, kuma daga baya shi ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, daga hannun tsohon da ya rage da sanin sa, ya kai shi har Turai. Ya rasu a 2018. Sunan Malam bai taɓa barin sa ba.

Ɗaya ƙorafin ya fi nauyi. Iyaye na cewa jarrabawa da Faransanci ake yi, kwaleji da Faransanci, aikin gwamnati ma haka. Duk mintin da aka ba Hausa ko Barbarci an rage wa yaro ne. Damuwar gaskiya ce, ba ma raina ta. Sai dai karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane yadda harafi ke ɗaukar sauti da harshen uwarsa, ba ya sake koyon wannan in ya shiga Faransanci, kalmomi da ƙa'idoji kawai zai ƙara. Wanda kuma aka haɗa masa biyu lokaci guda, baƙon harshe da baƙon rubutu, shi ne yawanci ke gajiya ya bar benci a CE1.

Malamai ma a yi musu adalci. Da yawansu 'yan kwantaragi ne, horon da suka samu gajere ne, kuma yadda aka koya musu resitasiyon haka suke koyarwa. Cibiyar INDRAP da ke Yamai na shirya littattafan makaranta har da na harsunan ƙasa, amma littafin waƙoƙin yara da Barbarcin Manga ko Tubanci abu ne mai wuyar gani a ƙauye. Taron CAPED da malaman yanki ke haɗuwa su ƙaru da juna wuri ne da kowane mushe zai iya zuwa da waƙa ɗaya daga garin da yake aiki, a rubuta, a raba. Kafin shekara ta ƙare an tara abin da zai ishi aji.

Abin da ke hannunmu

Uwa ko uba da bai yi lakwal ba yakan ga ba shi da ta cewa in yaro ya buɗe kaye. Akwai tambaya ɗaya da ba ta buƙatar Faransanci: me waƙar ke cewa? In ya ba ku labarin da harshen gida, madalla. In ya kasa, kada a doke shi, ba laifinsa ba ne. A tura yayansa ya yi masa bayani, ko a faɗa wa mushe cikin mutunci, ko a kai maganar taron COGES.

'Yan uwa da ke waje, ku da kuke aiko da kuɗin kaye da takalmi, mun san ƙoƙarinku. In kun kira gida ta WhatsApp, ku ce a ba yaro waya ya faɗa muku resitasiyon ɗinsa, ku yi masa wannan tambayar. Kuma waɗanda suka tafi da iyali, 'ya'yanku na tashi da Larabci ko Ingilishi, saƙon murya na minti ɗaya daga kaka da waƙar reno ko kacici-kacici zai yi musu abin da ba za ku samu a kanti ba.

Tsofaffin da suka san waɗannan waƙoƙi suna ta raguwa, yara kuma da dare yanzu waya suke kewayewa, ba kaka ba. Don haka mun buɗe wannan ƙofa a filinmu na ilimi: duk mai tsohuwa ko tsoho a gida da ya san waƙar yara, da Hausa, Barbarci, Fillanci, Tubanci, Tamajak ko Larabci, ya nemi izininsu ya ɗauki muryar ya aiko mana. A faɗi sunan gari, da harshen, da lokacin da ake yin ta, ko daka ne, ko reno, ko gaɗa, ko kiwo. Za mu saka a iska, mu rubuta waɗanda suka dace da aji, mu miƙa wa daraktocin lakwal da ke so. Waɗanda ba su da babbar waya su biyo ta gidan rediyo ranar kasuwa, na'urar ɗaukar murya na nan.